Rigar Alhaji Ummaru

Hantsi ya ɗaga, raɓa ta gama bushewa a kan kara, rana kuma ta fara zafin nan nata na kaka mai sa mutum neman inuwa tun bai yi aikin kirki ba. Aƙilu yana durƙushe a gindin rumbu yana zaɓen zangarniyar dawa. Duk wadda ya ɗaga sai ya juya ta ya duba, in ya ga inda tsuntsu ya taɓa sai ya jefa ta gefe. Dami biyu zai ɗaure, kuma so yake su zama irin waɗanda ko maƙiyi ba zai kushe ba.

Haka ake yi a Unguwar Marke da ƙauyukan da ke kewaye da Bakori. Wanda aka ba aron gona, in ya girbe, yakan ɗaure dami ya kai ƙofar mai gona. Ba haya ba ce, gaisuwa ce, ba a ma faɗin yawanta. In mai gona ya ce a shiga da shi cikin gida, to baɗi ma gonar tana hannunka, sai ka fara kai taki. In kuwa ya ce ka koma da abinka, ba sai an ƙara maka bayani ba. Gonar da Aƙilu yake nomawa ta Alhaji Ummaru ce, tun mahaifinshi na da rai suke cikinta, kuma ban da ita ba shi da inda zai shuka ko kuɓewa.

Matarshi Sakinatu tana tsaye da taɓarya a hannu, ta daina dakan tana kallonshi. Ta ce ko zangarniyar zinariya ya ɗaure ba za ta wanke abin da ya yi ba. Ta ce ita da za a bi shawararta, da tun ranar da abin ya fito an cusa rigar nan a murhu. Jiya ma da ta je rijiya wata ta tare ta tana tambayar ko Hajiya ta zo raba taki ne, mata suka yi ta shewa, ta dawo da tulunta rabi.

Aƙilu ya ja igiya ya ɗaure.

Abin da ya faru kuwa, da damina ne wasu 'yan fim suka zo daga Funtua da motoci biyu, suka ce garin ya yi masu daidai da labarinsu. Shugabansu wani saurayi ne mai gilashi, Mus'ab, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar Juma'a ce, Aƙilu ya dawo daga masallaci ya tsaya kallo kamar kowa. An jera buhunan taki a gindin tsamiya, an kafa kyamara, amma wanda zai zauna a kan buhunan bai iso ba, motarsu ta lalace a hanya. Hadari kuma yana haɗowa. Mus'ab ya waiga cikin 'yan kallo, idonshi ya faɗa kan Aƙilu, ko kuma a ce kan rigar da ke jikinshi.

Babbar riga ce ta shadda, koriya shar, da aikin wuya ruwan ƙwai, a kafaɗar hagu akwai inda dutsen guga ya ɗan lashe ta. Alhaji Ummaru ya yi shekaru yana sa ta. Ba ɗaurin aure ko suna da aka yi a yankin da rigar nan ba ta halarta ba. Da ta tsufa sai ya ba Aƙilu kwance da wata salla, shi kuma ya riƙe ta da daraja, ba ya sa ta sai Juma'a.

Mus'ab ya ce aikin ba wuya, zai zauna a kan buhu ne kawai yana miƙa ma talakawa taki, ya yi kamar mai kuɗi. Aƙilu ya tambaya yaya masu kuɗi suke yi. Aka ce ya tuno wani da ya sani ya yi irin nashi. To shi duk duniya mai kuɗi ɗaya ya taɓa zama kusa da shi. Sai ya lumshe ido rabi, ya nemi tsinken ashana ya sa a kunne yana juyawa a hankali, ya ja murya ta yi ƙasa, ya fara kowace magana da "ba komai, ba komai". Mus'ab ya yi tsalle ya ce haka yake so. Ya ba shi magana ɗaya ya riƙe, ya faɗa a duk lokacin da ya miƙa buhu: "Ba komai, ku dai ku dangwala, sauran namu ne."

Aƙilu ya koma gida ranar yana jin daɗi. A zatonshi mutumin kirki ya fito, mai rabon taki kyauta. Har ya raya a ranshi in Alhaji ya gani zai ji an girmama shi.

Sai da fim ɗin ya fito, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, ya ga abin da aka ɗinka da guntun da ya yi. Labarin wani kamfanin iri da taki ne da ya tsayar da ɗan takarar ciyaman, wani sakarai wanda ko sannu bai iya cewa sai wakilin kamfani ya raɗa mashi a kunne. Ɗan takarar yana hawa mumbari yana alkawarin zai kawo ruwan sama a cikin buhu. Takin da ake rabawa rabi yashi ne. Da aka ci zaɓe, takardar farko da ciyaman ya sa ma hannu ita ce wadda ta hana kowa sayen masara a kasuwa sai kamfanin, a kan farashin da ya ga dama. Wakilin kamfanin nan, wanda a fim ake kira Alhaji Mai Buhu, shi ne Aƙilu, a cikin koriyar riga, da tsinke a kunne.

Shi kuwa Alhaji Ummaru na gaskiya wakilin wani kamfani ne mai ba da iri da taki yana sayen masara da auduga, kuma a bana shi ne gaba-gaba wajen tallar wani ɗan takara. Ba wanda ya tsaya tambaya. Aka yanko wurin da Aƙilu yake, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, har Malumfashi, har Danja. In motar Alhaji ta wuce sai ka ji an ɗaga murya daga bayan katanga, sauran namu ne. Aƙilu ya kira Mus'ab ya gaya mashi halin da ake ciki. Mus'ab ya ce ai an rubuta a farkon fim cewa ba da kowa ake ba. Aƙilu ya ce a Unguwar Marke ba a karanta farkon fim, riga ake kallo. Daga ranar Mus'ab bai sake ɗaukar wayarshi ba.

Da ya gama ɗauri, Aƙilu ya ɗora damman a bayan babur ya kama hanya. A mararrabar da ake shiga gari, wurin mai shayi, wani ya sha gabanshi ya riƙe kan babur ɗin. Kabiru ne, shugaban matasan ɓangaren da ke adawa da ɗan takarar Alhaji, da hular jam'iyya a karkace.

"Alhaji Mai Buhu da kanshi," in ji Kabiru. "Yau dawa ake rabawa? Ina tsinken?"

Mazauna benci suka yi dariya. Aƙilu ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sauri yake yi. Kabiru bai saki babur ɗin ba. Ya matso ya rage murya, ya ce ranar kasuwar Bakori za su yi babban taro, ɗan takararsu zai zo, abin da suke so kawai Aƙilu ya sa rigar ya hau mota ya yi masu abin nan sau ɗaya. Ya ce in suka ci, gona sai wadda ya nuna da yatsa, har fadama. Ya ce ya daina wahalar da kanshi, kowa ya san Alhaji ya gama da shi, dawar nan gara ya kai ma 'ya'yanshi.

Aƙilu ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. Ya ce hatsin gonar mutumin nan ne ya raine shi, abin da ya faru ma kuskure ne, ba zai hau mota ya ƙara da gangan ba.

Fuskar Kabiru ta canza. Ya ce dama ya san irinsu, a taka su su ce an gode. Ya ce mutanen da ke cin gumin manoma ba su da ƙarfi sai da irin su Aƙilu. Ya saki babur ɗin da ƙarfi har damman suka karkata, ya tofar da yawu kusa da ƙafarshi.

"Je ka durƙusa. In ya kore ka kada ka biyo ta nan."

Gidan Alhaji Ummaru yana bakin titi, an lulluɓe katangarshi da hotunan ɗan takara tun daga ƙasa har sama. A gefe akwai rumfar kwano da buhunan taki a jibge, da motar ɗaukar kaya an ɗaura mata lasifika biyu. Samari sun cika dakali. Da suka ga wanda ya tsaya, hirar ta mutu.

Abdulrahman, direban Alhaji, shi ya fara tasowa. Tare suka yi makarantar allo da Aƙilu, amma ko amsa sallamarshi bai yi ba. Ya zagaya babur ɗin yana kallon damman, ya ce ashe 'yan fim ma suna noma. Wani daga cikin samarin ya ce a bincika, kada a je yashi ne a ciki. Kafin Aƙilu ya kwance, wani ya zaro wuƙa ya datse igiyar gida uku, damman suka faɗo ƙasa, tsaba ta watse. Aƙilu ya sunkuya ya tattara, ya jingina su da bango inda aka saba jinginawa, ya cire takalmi ya tsuguna a ƙofar zaure. Ba wanda ya ce ya shigo inuwa.

Ya daɗe a nan. Masu shiga suna shiga, masu fita suna fita, kowa sai ya kalle shi ya kalli na kusa da shi. Wani dattijo da ya san mahaifinshi ya tsaya a kanshi ya ce da Malam yana raye da baƙin ciki ya kashe shi, mutum ya tufatar da kai ka mayar da tufarshi abin dariya. Aƙilu ya ce Allah ya huci zuciyarshi. Gumi yana bin bayanshi har cikin wando.

Rana ta kusa tsakiya Alhaji ya fito, da farar riga sabuwa. Aka shimfiɗa mashi darduma a zaure, samarin suka taso suka cika ƙofa. Ya zauna, ya lumshe ido rabi. Bai kalli damman ba.

Aƙilu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ya ce ga ɗan abin da Allah ya bayar bana. Sannan ya fara ba da haƙuri, maganar da ya kwana biyu yana shiryawa, amma tun bai yi nisa ba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ba komai," in ji Alhaji. "Ba komai."

Aƙilu ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma, shi da ya kwaikwaye ta.

Alhaji ya ce shi bai ga fim ɗin ba, ba shi da lokacin shirme, amma ya ji an ce Aƙilu gwani ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana ya jefa a gaban Aƙilu. Ya ce ya yi masu su gani, tunda an yi ma mutanen Danja da na Malumfashi, bai kamata mai rigar ya zama shi kaɗai bai kalla ba.

Aƙilu ya kalli kwalin. Ya ce don Allah Alhaji ya yafe mashi. Alhaji ya ce yana jira. Zauren ya yi tsit, ana jin lasifikar wata motar kamfen tana wucewa can nesa. Ana cikin jiran ne hannun Alhaji ya tafi da kanshi, kamar yadda ya saba, ya zaro tsinke daga bakin hula ya nufi kunne. Sai da ya kusa kaiwa ya farga. Hannun ya tsaya a iska. Daga bayan samarin wani ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mashi ta hanci, ya mayar da ita tari.

Alhaji ya karya tsinken ya yar. Bai waiga ya ga ko wane ne ba.

Da ya sake magana muryar ta daina ja. Ya ce shi ba mai son tozarta ɗan mutane ba ne, kuma saboda mahaifin Aƙilu zai buɗe mashi ƙofa ɗaya. Ya nuna wani saurayi da ke riƙe da babbar waya. Ya ce yanzu za a ɗauke shi, ya riƙe Alƙur'ani ya faɗa ma duniya cewa su Kabiru ne suka saye shi, su suka ce ya sa rigar, su suka koya mashi abin da zai yi don a ɓata ɗan takara da kamfani. In ya faɗi haka, a shiga da dawa cikin gida, magana ta wuce.

Aƙilu ya tuna gonar, da gefen nan na gabas da ya yi shekaru yana zuba ma toka da kashin awaki har ƙasar ta yi baƙi. Ya tuna Kabiru da yawun da ya tofar ɗazu. Ba don Kabiru ba ne, in don shi ne da bai ji komai ba. Amma an riga an aika a ɗauko Littafin, ga shi nan ana fitowa da shi a cikin gafaka.

Ya ce, a hankali, zai riƙe ya rantse, amma a kan abin da ya faru. Ya ce ba wanda ya saye shi, su Kabiru ba su ma san an yi ba sai da ya fito. Rigar kuma don Juma'a ya sa ta. An ce ya yi kamar babban mutum ne, shi kuwa bai san wani babban mutum ba sai Alhaji, shi ya sa ya yi yadda ya saba ganinshi. Ya ce wallahi a ranshi yabo ya ɗauka yana yi.

Ya yi zaton wannan zai sanyaya zuciyar Alhaji. Sai ya ga samarin suna sunkuyar da kai, wasu suna zamewa daga ƙofar.

Alhaji ya buɗe idonshi duka, abin da ba a cika gani ba.

"Wato ba a koya maka ba," ya ce. "Haka ka gan ni."

In Aƙilu ya ce a'a ya ƙaryata kanshi, in ya ce e ya ƙarasa abin da fim ya fara.

Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarshi. Ya ce da mai gafakar ya mayar da Littafin. Ya ce dama kamfani yana neman wurin da zai yi gonar gwaji a bakin hanya, inda masu wucewa za su ga irin masararsu, yana ganin an samu. Sannan ya dubi bango a karo na farko.

"Koma da dawarka, Aƙilu. Ka gaida gida."

Ya shige ciki. Aƙilu ya bi bayanshi da tambayar ko zai iya kwashe karan da ya tara a gonar, amma labule ya riga ya faɗi, ba wanda ya amsa.

Samarin suka koma dakali. Yanzu ba mai zaginshi, ba mai kallonshi ma. Wani ya kunna lasifika, waƙar ɗan takara ta cika titi. Aƙilu ya sa takalmi, ya ɗauki dami ɗaya ya ɗora a babur, ya ɗauko na biyu. Ya tsinci guntayen igiyar ya ƙulla su, amma ba ta zagaye ba. Ya ja, ƙullin ya zame, damin sama ya gangaro ya tare shi da gwiwa. Ya sake gwadawa ya sake zamewa. Yana tunanin abin da zai ce ma Sakinatu, da ta wace hanya zai bi don kada ya wuce wurin mai shayi, da ƙofar wa zai fara zuwa neman aro alhali rabin masu gonakin yankin a hannun Alhaji suke karɓar taki.

Abdulrahman ya taso daga dakali yana faɗa da ƙarfi cewa a kawar da babur ɗin nan, zai fitar da mota, mutum ya zo ya tare ma mutane hanya. Ya wuce ta bayan motar kamar mai duba taya. Da ya fito ta ɗaya gefen, wata doguwar roba ta ɗaure kaya ta faɗo a ƙasa kusa da ƙafar Aƙilu. Bai tsaya ba, bai waigo ba, ya buɗe ƙofa ya shiga ya tayar da inji.

Aƙilu ya sunkuya ya ɗauka. Ya zagaya damman da ita sau biyu, ya ja, ta kama. Ya tura babur ɗin gefe ya ba motar hanya.